Sunan Ƙaguwa Ba Karatun Aku Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakin 'yan manyan azuzuwa. Duk sa'ad da jarrabawar ilmin halittu ta matso, sai ka ji ana ta guna-guni a kan sunayen nan na Latin da ake sa mu haddacewa. Wani ya ce harshen matattu ne, wani ya ce wahalar banza ce, tun da yake babu wanda zai shiga kasuwar Dandume ya ce a auna masa tiya biyu ta Zea mays. Wasu iyayen kuwa da suka ji ƙishin-ƙishin cewa a cikin sunayen har da na gumakan mutanen da, sai hankalinsu ya tashi. Ni dai a ganina laifin ba na sunayen ba ne, na yadda muke koyonsu ne. Muna haɗiye su ɗanye ba tare da mun tauna ba, shi ya sa suke shaƙe mu. Zan kafa hujjata da wata dabba da ba kowa ya damu da ita ba, watau ƙaguwa.

Duk wanda ya tashi a Damari ko Sabuwa ko Faskari ya san ƙaguwar rafi, wadda yara kan tono a ramukan gefen ruwa da damina, wani lokaci ta datse musu yatsa su saki ihu. To, a cikin teku akwai wasu danginta da ba su tsaya ga tafiyar karkace kaɗai ba, iyo suke yi sosai. Ƙaguwa ƙafa goma gare ta, idan an haɗa da hannayen nan biyu masu kama da awartaki. A wurin waɗannan na teku, ƙafafu biyu na can baya sun baje sun yi faɗi kamar filafilin tuƙa kwalekwale, da su suke kaɗa ruwa su bi kifi a guje. Masana sun tara su a dangi guda suka kira shi Portunidae, babban gida kuma a cikin dangin sunansa Portunus. Ɗalibin da aka ba wannan suna ya haddace, zai ce yau ga wata sabuwar masifa. Amma bari mu fasa kalmar mu ga abin da ke ciki.

A harshen Latin, watau harshen Romawa na da, portus shi ne tashar jiragen ruwa, porta kuma ita ce ƙofa. Kalmomin 'yan gida ɗaya ne, domin tashar jirgi ai ƙofa ce ta shiga gari daga ruwa. Romawa a zamanin jahiliyyarsu kowane abu sai sun yi masa gunki, saboda haka suka ƙaga wani suka ce shi ne mai tsaron ƙofofi da makullai da tashoshin jirage, suka sa masa suna Portunus. Sukan zana shi riƙe da makulli a hannu. Kowace shekara ran 17 ga watan Agusta sukan yi masa biki. Ɗakin da suka gina masa a bakin kogin Tiba, inda jiragen fatake kan sauke kaya a birnin Rum, yana nan tsaye har yau, masu yawon buɗe ido suna zuwa kallo. Abin da ya hana shi rushewa kuwa shi ne an mayar da shi coci a shekarar 872, bayan an daɗe da daina bautar mai shi. Ke nan wanda ya raɗa wa ƙaguwar teku wannan suna cewa ya yi, a taƙaice, ga dabbar bakin gaɓa, mai zama inda jirage ke tsayawa.

Kada wani ya ce wannan kalma baƙuwa ce a wurinmu. Tana bakin kakanninmu tun kafin a haife mu. Garin da Hausawa ke kira Fatakwal, sunansa na asali Port Harcourt, wanda Gwamna Lugga ya raɗa masa a 1913, kuma rabin farko na sunan shi ne portus ɗin nan, harshen Bahaushe ya tanƙwara shi yadda zai ji daɗin faɗa. Fasfo da alhazanmu ke yankewa, ma'anarsa takardar wuce ƙofa ko tasha. Mahajjatan da da suka bi ta ƙasa, da yawansu a Port Sudan suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Babban birnin maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, Porto-Novo, ma'anarsa sabuwar tasha. Har sunan ƙasar Fotugal daga can ya fito. Kun ga daga ƙaguwa guda mun buɗe kalmomi biyar, kuma na tabbata wanda ya karanta wannan sakin layi ba zai sake manta Portunus ba, ko da bai zauna haddarsa ba ko minti ɗaya.

Wa ya raɗa sunan? Nan ne abin zai ba ku mamaki. Wani yaro ne Bajamushe mai suna Friedrich Weber, wanda aka haifa a garin Kiel a 1781. A shekarar 1795 ya buga wani ɗan littafi na jerin sunayen ƙwari da danginsu, a ciki ne sunan Portunus ya fara fita a rubuce. Ku yi lissafi da kanku, shekararsa 14, watau sa'an 'yan ƙaramin aji na makarantarmu. Gaskiya ne a kan tsarin malaminsa Fabricius ya dogara, kuma shi malamin bai fitar da nasa littafin mai ɗauke da sunan ba sai 1798. Amma dokar masana ita ce wanda ya riga bugawa shi ke da suna, saboda haka har gobe idan an rubuta Portunus a littattafan ilmi, sunan yaron ake liƙawa a gefe, da shekarar. An yi zamani mai tsawo wasu marubuta suna kiran waɗannan ƙaguwoyi Neptunus, da sunan wani gunkin teku dabam, amma daga baya aka koma kan na farko. Sunan dangin gaba ɗaya kuwa, Portunidae, wani masani mai suna Rafinesque ne ake jingina wa shi tun 1815. Wutsiyar nan ta idae duk inda kuka gan ta a sunan dabba, to alama ce ana maganar dangi ne, ba iri guda ba.

Tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu, wani likita ɗan ƙasar Suwidin ne ya daidaita shi, Carl Linnaeus. Na tsirrai ya fitar a 1753, na dabbobi a 1758. Kalmar farko sunan gida, ta biyu sunan mai shi a cikin gidan. Ban ga abin da zai rikita Bahaushe a nan ba, domin mu ma haka muke yi. Muna da gauta, sa'an nan muna da gautan kura da gautan kaji. Muna da ƙaya, muna da farar ƙaya. Bambancin kawai shi ne nasu an rubuta shi an yi masa doka, an kuma yarda duk duniya a bi. Dalilin zaɓen Latin kuwa, a wancan zamani shi ne harshen karatu a Turai duka, kamar yadda Larabci yake tsakanin malamin Katsina da na Timbuktu da na Masar. Kuma kasancewar babu al'ummar da ke magana da shi a gida yanzu, wannan da ake zaginsa da shi, shi ne amfaninsa: harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa ba ya sauya ma'ana kowace shekara, kuma babu ƙasar da za ta ce an fifita wata a kanta.

Shi Linnaeus ƙaguwoyin da ya sani ya zuba su a gida guda ya kira shi Cancer, wadda ita ce kalmar Latin ta ƙaguwa. Ita ce kuma kalmar da likitoci ke kiran ciwon daji da ita, saboda likitocin Girka na da sun ga kumburin da jijiyoyin da suka kewaye shi sun yi kama da ƙaguwa da ƙafafunta. Almajiran da suka yi karatun taurari a zaure sun san burujin Saraɗanu. To, a Larabci ma kalmar nan guda ita ce ƙaguwa, ita ce burujin, ita ce kuma cutar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ilmin boko da na zaure ba su yi nisa da juna kamar yadda ake zato ba.

Yanzu mu zo kan mai cewa to, duk mun ji, amma ina amfanin? Amfanin yana fitowa ne ranar da suna ɗaya ya hau kan abu biyu. A Turance akwai ƙaguwoyi fiye da ɗaya da ake kira shuɗiyar ƙaguwa. Ɗaya ta bi ta mashigin Suwez, wanda aka buɗe a 1869, daga Bahar Maliya ta shiga Bahar Rum. Wajen 2014 zuwa 2015 ta mamaye gaɓar Tunisiya, tana yayyaga komar masunta tana cinye kifin da suka kama, har don takaici suka yi mata laƙabi da Da'ish. Sunanta Portunus segnis, kalmar ta biyu kuwa ma'anarta mai nawa, abin dariya ga dabbar da ta hana masunta barci. Ɗayar daga gaɓar Amurka ta fito, ta addabi masu kiwon kifin ƙwarya a Italiya a 2023, har gwamnatinsu ta ware kuɗi don yaƙi da ita. Sunanta Callinectes sapidus. Asalinsu daban, hanyar da suka biyo daban, ruwan da kowace ta fi so daban. Jami'in da bai bambance su ba, yaya zai san ta inda zai ɓullo wa matsalar?

Sunan ta biyun ma ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana da daɗi. Calli da Girkanci kyakkyawa, nectes mai iyo, sapidus da Latin mai daɗin ci. Kyakkyawar mai iyo mai daɗin ci. Wannan ai kirari ne, irin wanda maroƙi zai yi a ba shi riga. Wadda ta sa kalmar ƙarshe mace ce, Mary Rathbun, a 1896. 'Yan'uwana mata ku ji da kyau: ba ta samu shiga jami'a tana budurwa ba, aikin rubutu da jera kwalabe ta fara da shi, amma ta zauna a gidan adana kayan tarihi na Smithsonian da ke Washinton ta yi ta nazarin ƙaguwa har ta bayyana iri fiye da 1,000 da ba a san su ba a da. A ruwan Ikko kuma akwai 'yar'uwar wannan ƙaguwa da ake sayarwa a kasuwa, Callinectes amnicola, ma'ana mazauniyar kogi, saboda tana son inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Wanda aikin gwamnati ko fatauci ya kai shi kudu ya ga an sa masa ita a miya, to ya san sunan abin da ke kallonsa daga cikin kwano.

Mu bar teku mu dawo gida, inda abin ya shafi rai da abinci. Manomanmu sun san kububuwa, sun san irin ɓarnar da take yi da damina da lokacin girbi. Shekaru da dama ana ɗaukarta iri ɗaya da wata macijiya ta ƙasar Indiya mai suna Echis carinatus. A 1970 aka bambanta ta Afirka ta Yamma aka kira ta ocellatus, watau mai ɗigo-ɗigo kamar ƙananan idanu. Wani zai ce wannan gardamar malamai ce kawai. Ba haka ba ne. Maganin dafin maciji ana yin sa ne da dafin irin macijin da ake nufi. An shigo da maganin da aka haɗa da dafin ta Indiya aka yi amfani da shi a wasu asibitocin Afirka ta Yamma, bai yi aikin da ake so ba, mutane suka mutu da allura a jikinsu. Ma'aikacin asibitin da ya iya karanta ƙananan rubutun jikin kwalba ya gane wane maciji aka ambata, shi ne zai ceci ɗan'uwanka. Wannan ma'aikaci kuwa daga cikinmu zai fito, mu da ke guna-guni a aji yau.

Haka kuma tsutsar nan da ta faɗa wa masara a 2016, wadda aka fara ganinta a nahiyar Afirka a nan Nijeriya da wasu maƙwabta. Manoma da yawa sun ɗauka tsohuwar tsutsar da suka saba da ita ce. Da masana suka duba sai suka ga baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, Spodoptera frugiperda, ma'anar kalmar ta biyu mai halaka amfanin gona. Da aka san sunanta sai aka buɗe littattafan da manoman Barazil da Amurka suka tara a kanta shekara da shekaru, aka san tana ɓuya a cikin kunnen masara, aka san lokacin da feshi ke kama ta. Mu da ke zaune a yankin da masara ke cika kasuwannin Dandume da Funtuwa da Sheme, ba mu da bakin cewa wannan bai dame mu ba. Suna shi ne makullin ɗakin karatu na duniya. Idan ba ka da shi, sai ka yi ta zagaya ɗakin kana leƙe ta taga.

Sunayenmu na Hausa fa, ba su isa ba? Suna da kyau ƙwarai, amma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Itacen nan da ke ba mu inuwa a harabar makaranta, wani ya ce darbejiya, wani ya ce bedi, wani maina, wani dogon yaro. Ciyawar da ke shanye dawa, a nan wuta-wuta, a can ƙuduji, a wani wurin gaugai. Idan malamin gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru zai rubuta wa takwaransa na Maraɗi, ko na Kenya, dole su sami kalma guda da ba ta da ja. Sai su ce Striga, kalmar da ɗaya daga ma'anoninta a Latin ita ce mayya. Wanda ya taɓa ganin gonar dawa ta ƙanƙance ta yi ja alhali ruwa bai yanke ba, ya san sunan ya dace, domin tun tana ƙarƙashin ƙasa take tsotse saiwar dawa kafin ta fito da jan furenta.

To, sai batun da ya fi damun iyayenmu, watau sunan gunki a bakin ɗan Musulmi. Damuwar ba ta banza ba ce, kuma bai kamata mu ɗalibai mu yi mata dariya ba. Abin da zan ce shi ne, mu duba kalandar da ke rataye a ɗakunanmu. Janairu daga sunan Janus ne, wani gunkin ƙofofi na Romawan nan dai. Maris daga Mars ne, gunkinsu na yaƙi. Kowa yana rubuta su a takardar haihuwa da ta albashi, kuma babu wanda zuciyarsa ke zuwa ga wani gunki sa'ad da yake rubutawa. Sunayen sun zama fanko, masu su sun ɓace, alama kawai ta rage. Ɗalibin da ya san labarin Portunus ma ya fi tsira daga ruɗu bisa wanda bai sani ba, domin ya ga ƙarshen abin da mutane suka sassaƙa da hannunsu: wanda aka yi wa biki a babban birnin daula, yau ba a tuna shi sai a bayan ƙaguwa. Akwai ma wanda ya fi shi shan kunya. Itacen kukuki na dajinmu sunan gidansu Sterculia, daga Sterculius, gunkin taki da juji, saboda furen wasu daga cikin danginsa wari gare shi.

Kuma ba Romawa kaɗai ke cikin littafin ba. Itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar Neja Delta, inda ƙaguwoyin nan masu iyo ke kiwo, akwai waɗanda sunan gidansu Avicennia, don girmama babban likitan Musulunci Ibn Sina. Akwai Averrhoa don Ibn Rushd. Tafasa da rai-ɗore gidansu Senna, daga Larabci. Tsamiya Tamarindus ce, daga tamar hindi, dabinon Indiya a bakin Larabawa, ko da yake masana sun ce asalin itacen nan Afirka ne.

Akwai wata suka da na fi ganin ƙarfinta, ba zan kuma ɓoye ta ba. Da yawa daga itatuwanmu suna ɗauke da sunayen baƙin da suka zo suka tarar da mu muna cin 'ya'yansu. Ɗorawa Parkia ce, don Mungo Park wanda ya halaka a Busa a 1806, alhali matan ƙasar nan sun yi ƙarni nawa suna dafa daddawa kafin a haifi kakansa. Kuka Adansonia ce, don wani Bafaranshe da ya zauna a Sanagal. Gawo, abokin manomi da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, an sa masa Faidherbia, sunan gwamnan mulkin mallaka da ya yaƙi Alhaji Umaru Tal. Wannan abin takaici ne, babu shakka. Amma fushi da sunan ba zai goge shi ba, kuma ƙin koyonsa mu zai cuta, ba Faransa ba. Masu iya sauya irin waɗannan abubuwa su ne waɗanda ke zaune a majalisar masana. A 2024, a babban taron masana tsirrai da aka yi a Madrid, an jefa ƙuri'a aka amince a gyara sunayen tsirrai fiye da 200 da ke ɗauke da wata kalmar cin mutuncin baƙar fata, kuma masanan Afirka ta Kudu ne suka kawo ƙudurin. Wanda bai shiga kasuwa ba, ba ya sa wa kaya kuɗi.

Ƙofar kuwa a buɗe take, har Hausa ta riga ta shiga. Iburu, ɗan'uwan acca da ake nomawa a ƙasar Zazzau da Filato, sunansa a duk duniya Digitaria iburua tun 1915, kalmarmu ce aka ɗauka aka yi mata wutsiyar Latin. Akwai wani ɗan mitsitsin ɓera na ƙasashen Sahel da aka raɗa wa Mus haussa a 1920. Ƙaguwar rafukanmu ma, yawancinsu 'yan gidan Sudanonautes ne, watau matuƙin jirgin ƙasar Sudan, Sudan a nan kuwa ita ce Biladus Sudan ta littattafan Larabawa, wadda ƙasar Hausa ke cikinta. Sunan an ba da shi a 1955, kuma ya ɗan yi mata yawa, tun da ita ba ta da filafili, ba ta kuwa taɓa ganin jirgi ba. Tata baiwar dabam ce: ba ta zuba ƙwai a ruwa ta tafi kamar ta teku, riƙe su take yi a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe su fito 'yan ƙaguwoyi sosai, ta goya su kwanaki. A 1991 an bayyana wani iri daga tsaunukan kudancin Kaduna aka kira shi kagoroensis, ma'ana ɗan Kagoro. Idan Kagoro ta shiga littafin duniya ta kan ƙaguwa, me zai hana Damari? Sai dai in gargaɗe ku, wanda ya ci karo da damarensis a wani littafi kada ya yi saurin murna, wannan wani yanki ne a ƙasar Namibiya.

Tun da na ambaci ƙaguwar rafi, akwai abin da ya kamata masu gasa ta sama-sama su sani. A kudu maso gabashin ƙasar nan, bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, likitoci sun ga mutane da yawa suna tari da jini kamar masu tarin fuka, amma maganin tarin fuka bai yi musu aiki ba. Ashe wata tsutsar huhu ce mai suna Paragonimus, da ke shiga jikin mutum idan ya ci ƙaguwar rafi da ba ta dahu ba, abin da yunwar yaƙi ta tilasta wa jama'a. A nan ma sai da aka san sunan cutar da sunan mai ɗauke da ita kafin a san magani.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Malamanmu na kimiyya, Allah ya saka musu, idan sun rubuta suna a allo su ba mu minti biyu su fasa mana shi. Idan aka gaya wa yaro hypogaea ma'anarta ƙarƙashin ƙasa, ba zai sake mantawa da sunan gyaɗa ba. Idan aka ce masa digitata mai yatsu ce, ya ɗaga kai ya dubi ganyen kuka, shi ke nan an gama. Idan ya ji Dracunculus medinensis ƙaramin dodo ne na Madina, zai tuna kurkunu, cutar da ta gurgunta kakanninmu da damina har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2013. Mu kuma ɗalibai mu daina jira sai daren jarrabawa, mu riƙa tambaya. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya yanka 'yan alluna ta liƙa a jikin kowane itace da ke harabarmu, sama sunan Hausa, ƙasa na Latin, ƙarƙashinsa ma'anarsa. Fenti gwangwani ɗaya da gutsattsarin langa-langa sun isa.

Babban roƙona kuwa ga iyayenmu yake. Sunayen Latin suna cikin littattafai, ba za su ɓata ba. Na Hausa ne ke cikin haɗari. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya zaga ƙasar nan yana tambayar manoma da maharba da masu magani, a 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, sunansa kuma yana kan itacen hano, Boswellia dalzielii. Waɗanda suka gaya masa sunayen, babu wanda ya san ko ɗaya daga cikinsu. Yau fiye da shekara 100 ke nan. Dazuzzukan da ke tsakaninmu da Birnin Gwari da Zamfara, inda tsofaffi kan shiga da jikokinsu suna nuna musu wannan saiwar ta ciwon ciki ce, wancan ganyen kada akuya ta ci, rashin tsaro na shekarun nan ya sa shigarsu ta yi wuya, ƙauyuka da dama kuma sun tashi sun dawo gari. Yaron da ya girma a gidan haya a Funtuwa ba zai san bambancin taura da kanya a tsaye ba, balle ƙananan ciyayi. Saboda haka idan hutu ya zo muka zo muku da littafin rubutu muna tambayar sunan kaza da amfanin kaza, don Allah kada ku ce mun cika surutu. Ku gaya mana sunan, da inda yake fitowa, da watan da yake fure, da wanda ya gaya muku. Mu kuma za mu rubuta har da sunan ƙauyen, mu kawo wa malamin kimiyya ya taimake mu neman na Latin ɗin a farkon zango mai zuwa.